Shekara 18 a N'Djamena: Doka ta ba matashi ƙuri'a, amma yaushe zai kaɗa ta?

Duk wanda ya taɓa tsallaka gadar N'Gueli daga garin Kuseri na ƙasar Kamaru ya shiga birnin N'Djamena, abin da zai fara lura da shi bayan zafin rana da ƙura shi ne yawan matasa. Su ne a kan babura suna kabu-kabu, waɗanda mutanen garin ke kira kilando, su ne ke dako da tura baro a kasuwar Dembe da kasuwar gero, kuma su ne ke cika motoci da sassafe zuwa Toukra inda jami'a take. Ba abin mamaki ba ne, domin ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa kusan rabin al'ummar Chadi ba su kai shekara 15 ba, waɗanda ba su cika 18 ba kuwa sun haura rabi.

Wannan gada da muka ambata ta raba dokoki biyu. A gefen Kamaru, sai mutum ya cika shekara 20 kafin a ba shi damar kaɗa ƙuri'a. A gefen Chadi kuwa shekara 18 ta wadatar. Wato ke nan saurayi ɗan shekara 19 da ke zaune a Kuseri yaro ne a idon hukumar zaɓe, amma takwaransa da ke hango shi daga ɗaya gaɓar kogin cikakken mai zaɓe ne. Idan a takarda ne, matashin N'Djamena ya fi maƙwabcinsa gata.

To amma da muka bi diddigin yadda al'amura suka gudana a Chadi cikin shekaru 30 da suka wuce, sai muka ga cewa wannan adadi na 18 shi ne abu guda da babu wanda ya taɓa jayayya a kansa, ko gwamnati ko 'yan adawa. An sauya kundin tsarin mulki, an yi masa kwaskwarima ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma 18 tana nan daram. Rigimar duk tana wani wuri ne daban: shin za a yi zaɓen ma kuwa? Idan za a yi, sunan matashin yana cikin rajista? Idan yana ciki, an bar wanda yake so ya tsaya takara?

Tarihin a taƙaice shi ne, a zamanin Faransa, lokacin da ake kiran birnin Fort-Lamy, dokar 1956 ce ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe a ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka, kuma a wancan lokaci shekara 21 ce ƙa'ida. Bayan samun 'yancin kai a ranar 11 ga watan Agusta, 1960, Shugaba Tombalbaye bai ɗauki lokaci ba ya soke jam'iyyun adawa, daga nan kuma ƙasar ta faɗa cikin yaƙe-yaƙe da juyin mulki, inda bindiga ta maye gurbin akwati. Sai bayan da Idriss Deby ya kori Hissene Habre a watan Disamban 1990, aka yi babban taron ƙasa a 1993, sannan aka amince da sabon tsarin mulki ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama a watan Maris na 1996. Wannan kundi ya faɗa ƙarara cewa duk ɗan Chadi, namiji ko mace, da ya cika shekara 18 kuma ba a tauye masa 'yancinsa bisa doka ba, mai zaɓe ne. Tsarin mulkin 2018 da na 2023 duk sun bar wannan magana yadda take.

Wanda aka haifa a 1993

Bari mu yi wa mai karatu misali domin abin ya fito fili. Mu ɗauki yaron da aka haifa a unguwar Chagoua ko Farcha a watan Maris na 1993. Ya cika shekara 18 a watan Maris na 2011, wato wata guda kacal bayan zaɓen 'yan majalisar dokoki da aka yi a ranar 13 ga watan Fabrairun shekarar. Ya makara da 'yan makonni. A bisa doka wa'adin waccan majalisa shekara huɗu ne, don haka sai ya yi haƙuri zuwa 2015, lokacin yana da shekara 22.

Da 2015 ta zo, sai aka ƙara wa majalisar wa'adi. Dalilan da gwamnati ta riƙa bayarwa ba ƙarya ba ne gaba ɗayansu: farashin man fetur ya faɗi warwas tun daga 2014, kuma a watannin Yuni da Yuli na 2015 'yan Boko Haram sun tayar da bama-bamai a cikin N'Djamena kanta, har da ƙofar babbar kasuwa. A farkon 2017 Shugaba Deby ya fito ya ce babu kuɗin da za a shirya zaɓen. Haka aka yi ta sa rana ana ɗagawa, daga baya cutar korona ta zo ta zama wani uzurin. Abin lura a nan shi ne, a daidai wannan tsakani an samu kuɗi da tsaron da aka gudanar da zaɓen shugaban ƙasa har sau biyu, a watan Afrilun 2016 da kuma Afrilun 2021.

Bayan rasuwar Deby a 2021, sojoji suka rushe tsohuwar majalisar, suka naɗa ta riƙon ƙwarya mai mutum 93 waɗanda babu wanda ya zaɓe su. Ba a sake zaɓen 'yan majalisa a Chadi ba sai ranar 29 ga watan Disamba, 2024. A ranar, yaron namu na 1993 yana da shekara 31, mai yiwuwa da mata da 'ya'ya, kuma a ranar ce karon farko a rayuwarsa da aka tambaye shi wanda yake so ya wakilce shi a zauren majalisa da ke unguwar Gassi. Haka abin yake a zaɓen ƙananan hukumomi: an yi na farko a watan Janairun 2012, ba a sake ba sai a wannan rana ta ƙarshen 2024, duk da cewa kansiloli da magajin gari su ne hukumar da ta fi kusa da talaka, su ke da alhakin shara da magudanan ruwa a birnin da ambaliya ke ci kusan duk damina.

Doka dai ba ta hana shi komai ba. Ta ce masa yana da 'yanci tun 2011. Akwatin ne ba a kawo ba.

Wa ya san shekarunka?

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa, amma mu a ganinmu ta fi ta zurfi. Kafin a ce mutum ya cika shekara 18, sai an san ranar da aka haife shi. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Chadi a tsakanin 2014 da 2015 ya gano cewa kashi 12 cikin 100 kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Wani binciken na 2019 da aka yi da tallafin hukumar UNICEF ya nuna adadin ya tashi zuwa kashi 26. An samu ci gaba, amma har a lokacin yaro uku cikin huɗu hukuma ba ta san da zuwansu duniya ba. Kuma kada mu manta, waɗanda ke cika shekara 18 a 'yan shekarun nan an haife su ne tun kafin waɗannan bincike, lokacin da kawai ake yanka ragon suna a watse.

A N'Djamena lamarin ya fi sauƙi a kan ƙauye, domin akwai asibitoci da ofisoshin gundumomi goma na birnin. Sai dai wani hanzari ba gudu ba, da yawa daga cikin matasan da ke cika unguwannin bayan gari irin su Walia da Diguel ba a birnin aka haife su ba, sun zo ne daga kudu ko daga Kanem da Batha da Waddai neman abinci ko karatu. Wanda ba shi da takardar haihuwa, sai ya je kotu da shaidu a yi masa takardar da za ta maye gurbinta, abin da ke cin kuɗi da lokaci, kuma ɗan kabu-kabun da ke neman na cefanen yau ba zai ajiye babur ya yini a harabar kotu ba. Gwamnati ta kafa hukumar ANATS domin ta haɗa rajistar haihuwa da katin shaidar ɗan ƙasa da fasfo a ƙarƙashin lamba guda, kuma ta fara aiki da sabon tsarin a farkon 2020, amma gyara ɓarnar shekara da shekaru ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Inda babu takarda, ba makawa a koma ga shaidar mai unguwa da dattawa, ko kuma a kalli fuska da tsayi a yi kirdado. Wannan wuƙa ce mai baki biyu. Tana iya hana ɗan shekara 19 mai ƙaramin jiki, tana kuma iya shigar da ɗan shekara 15 wanda ya yi saurin girma ko wanda wani mai faɗa-a-ji ya tsaya masa. Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Idan mai karatu bai manta ba, bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Jihar Kano a watan Fabrairun 2018 an yi ta yaɗa hotunan bidiyo na yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a, har sai da hukumar INEC ta kafa kwamitin bincike. Cutar guda ce, sunan gari ne ya bambanta.

Ko da matashi ya mallaki takardarsa, saura rajistar zaɓe. A Chadi ba kullum ƙofar take a buɗe ba, ana buɗe ta ne na 'yan makonni idan wani zaɓe ya ƙarato. A ƙarshen 2015 aka yi rajista ta farko da na'ura mai ɗaukar hoton yatsu, bayan da 'yan adawa suka shafe shekaru suna neman a yi haka, inda aka samu sama da mutum miliyan 6. An sabunta ta a 2020, adadin ya kai kusan miliyan 7.3. An sake sabuntawa a 2023 saboda ƙuri'ar raba-gardama, aka samu miliyan 8.2, kuma da wannan adadi ne aka shiga zaɓen shugaban ƙasa na watan Mayun 2024. A ƙasar da dubban ɗaruruwan yara ke cika shekara 18 a duk shekara, duk watan da ƙofar ta yi a rufe, wani ayari ne na sababbin masu zaɓe ke tsaye a waje.

Wasa da shekarun ɗan takara

Yanzu kuma mu zo ga inda aka fi yin wasa da shekaru, wato ɓangaren wanda za a zaɓa. Tsarin mulkin 1996 ya ce mai neman shugabancin ƙasa ya kasance tsakanin shekara 35 da 70, kuma wa'adi biyu kawai zai yi. A 2005 aka yi ƙuri'ar raba-gardama aka cire iyakar wa'adin, aka kuma cire ta shekara 70. Wato an buɗe wa tsofaffi ƙofar sama. Bayan shekara 13 sai aka juyo kan ta ƙasa: tsarin mulkin da Shugaba Deby ya sa wa hannu a ranar 4 ga watan Mayu, 2018 ya ɗaga mafi ƙarancin shekarun ɗan takara daga 35 zuwa 45. Ba a kai wannan kundi gaban jama'a ba, majalisar nan ta 2011 wadda wa'adinta ya ƙare tun 2015 ita ce ta amince da shi, kuma a lokacin an toshe kafofin sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp, toshewar da ta ɗauki wata 16 daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019.

Abin sha'awa, ko kuma mu ce abin takaici, a cikin wannan wata na Mayun 2018 ne, a ranar 31, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun takarar shugaban Nijeriya daga 40 zuwa 35, ta kuma rage na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Maƙwabta biyu, wata guda, ɗaya na saukar da katanga ɗaya na ƙara mata tsawo.

Mutanen N'Djamena ba su sha wahalar gane wanda aka nufa ba. A wannan shekara ce wani masanin tattalin arziki mai suna Succes Masra, wanda aka haifa a watan Agustan 1983, ya ajiye aikinsa a Bankin Raya Afirka ya dawo gida ya kafa jam'iyyar Les Transformateurs, wato masu kawo sauyi. Hedikwatarta da ke unguwar Abena ta zama matattarar matasa, musamman 'yan kudancin ƙasar da waɗanda suka gama karatu babu aiki. A ƙarshen 2020 gwamnati ta sassauta, ta mayar da ƙa'idar shekara 40, amma ko da hakan Masra bai kai ba, domin a lokacin zaɓen 2021 yana da shekara 37. A watan Maris na shekarar Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardunsa, tare da kafa hujja har da cewa jam'iyyarsa ba ta da rajista.

Abin da ya biyo baya kuwa, ko marubucin wasan kwaikwayo ba zai tsara shi haka ba. An yi zaɓe ranar 11 ga watan Afrilu, aka bayyana Deby a matsayin wanda ya lashe da kashi 79 cikin 100. Ranar 20 ga watan sojoji suka ba da sanarwar rasuwarsa sakamakon raunukan da ya samu a fagen daga da 'yan tawayen FACT a yankin Kanem. A take aka jingine tsarin mulki, aka kafa majalisar soja mai janar-janar 15, aka ɗora ɗansa Mahamat Idriss Deby a kanta. Shekarun Mahamat nawa a ranar? Talatin da bakwai. Har ma Masra ya girme shi da 'yan watanni. Cikin ƙasa da wata biyu, shekarun da aka ce sun yi kaɗan a nemi ƙuri'ar jama'a da su, sai ga shi sun isa a riƙe ƙasa baki ɗaya ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ba.

Shi kansa marigayi Deby yana da shekara 38 lokacin da ya shigo N'Djamena da mayaƙansa a 1990. Mu ma a Nijeriya Janar Gowon yana da 31 ya hau, Janar Murtala yana da 36. A wannan yanki namu ba a taɓa tambayar mai bindiga takardar haihuwa ba.

Tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba-gardama ta 17 ga watan Disamba, 2023 ya mayar da ƙa'idar shekara 35. Ana iya cewa nasara ce ga matasa, amma masu lura da al'amura ba su kasa ganin cewa a lokacin Mahamat bai cika 40 ba, kuma an riga an share masa hanyar tsayawa takara tun a taron ƙasa na 2022. Haka adadin ya yi ta yawo, 35, 45, 40, 35, kuma duk lokacin da ya motsa akwai wani mutum takamaimai da ake aunawa.

Baƙar Alhamis

Matashin da aka rufe wa akwati, titi yake komawa. A watan Fabrairun 2016 ɗaliban sakandare ne suka cika titunan N'Djamena bayan da wasu 'ya'yan manya suka yi wa wata ɗaliba fyaɗe, kuma a wannan zanga-zanga an harbe wani ɗalibi ɗan shekara 17, wanda bai ma kai shekarun zaɓen da ake shirin yi bayan wata biyu ba. A wannan lokaci ne aka ji sunan ƙungiyar matasa ta Iyina, wato "mun gaji" da Larabcin Chadi. A 2021 kuma gamayyar Wakit Tama, ma'ana "lokaci ya yi", ta ɓullo.

Amma ranar da ba za a manta da ita ba ita ce Alhamis, 20 ga watan Oktoba, 2022. Sojoji sun yi alƙawarin miƙa mulki cikin wata 18, kuma a ranar ce wa'adin ya cika, alhali taron ƙasa ya riga ya ƙara musu shekara biyu. Tun da asuba matasa suka fito a unguwannin Chagoua da Moursal da Walia da Abena, haka ma a Moundou da wasu garuruwan kudu. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Firayim Minista na lokacin, Saleh Kebzabo, wanda aka ƙona ofishin jam'iyyarsa a ranar, ya ce mutum kusan 50 ne suka mutu, ya kuma kira abin da yunƙurin tawaye da makamai. Daga baya hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya ce mutum 128 aka kashe.

Mai gabatar da ƙara na gwamnati da kansa ya bayyana cewa an kwashi mutum 621 zuwa kurkukun Koro Toro da ke tsakiyar hamada, kimanin kilomita 600 daga N'Djamena, kuma 83 daga cikinsu yara ne da ba su balaga ba a idon doka. A can aka yi shari'a ba lauyoyi, aka ɗaure 262 a watan Disamba, kafin a yi wa mafi yawansu afuwa a 2023. A watan Nuwamban 2023 kuma aka yi dokar afuwa ta gama-gari wadda ta rufe maganar har ga waɗanda suka yi harbin. Yaran nan 83 sun yi ƙanƙanta a ba su katin zaɓe, amma ba su yi ƙanƙanta a loda su a mota zuwa Koro Toro ba.

Ba yau ƙasar ta fara fama da wannan ruɗani kan ma'anar yaro ba. Sunan sojojinta ya daɗe a jerin Majalisar Ɗinkin Duniya na masu ɗaukar yara aikin soja, sai a 2014 aka cire shi bayan ta aiwatar da yarjejeniyar da ta sa wa hannu a 2011. A 2015 kuma aka yi dokar da ta haramta aurar da wanda bai kai 18 ba. Sannu a hankali dai doka tana haɗa komai a kan wannan adadi guda.

Zaɓen shugaban ƙasa na 6 ga watan Mayu, 2024 shi ne karon farko da matasan N'Djamena suka ga sa'o'insu biyu a kan takardar ƙuri'a. Masra ya dawo daga gudun hijira bayan wata yarjejeniya da aka ƙulla a Kinshasa, aka naɗa shi Firayim Minista a ranar 1 ga watan Janairun shekarar, matakin da ya sa wasu magoya bayansa suka zarge shi da cin amanar waɗanda suka mutu. Duk da haka matasa sun yi cincirindo a tarukansa, kamar yadda wasu dubbai suka yi a na Mahamat da jam'iyyar MPS, domin kuskure ne a ɗauka cewa duk matashin Chadi ɗan adawa ne. Hukumar zaɓe ta ANGE ta ce Mahamat ya samu kashi 61 cikin 100, Masra 18 da 'yan kai, Albert Pahimi Padacke kusan 17. Masra ya ce shi ya ci, ya kai ƙara, Majalisar Tsarin Mulki ta kori ƙarar. Abin da ya ƙara zargi shi ne yadda hukumar ta hana ɗaukar hoton takardun sakamako a rumfuna, alhali wayar salula ita ce makamin da matashi ya fi iyawa da shi, da kuma yadda aka ƙi tantance 'yan kallo na cikin gida su 2,900, abin da Tarayyar Turai ta fito ta nuna takaicinta a kai.

Da zaɓen 'yan majalisa ya zo a ƙarshen shekarar, sai jam'iyyar Masra da wasu suka ƙaurace, suna cewa an riga an rubuta sakamako. Muna iya fahimtar hujjarsu, amma dole mu faɗi gaskiya cewa wanda ya fi asara shi ne mutumin nan da ya jira shekara 13, ranar ta zo kuma aka ce masa ya zauna a gida. MPS ta kwashe kujeru 124 daga cikin 188, kuma ko a alƙaluman hukuma kusan rabin masu rajista ba su fito ba. A watan Mayun 2025 aka kama Masra bisa zargin tunzura rikicin ƙauyen Mandakao da ya ci rayuka sama da 40, a watan Agusta kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 20, hukuncin da lauyoyinsa suka ce na siyasa ne.

A wasu sassan duniya muhawarar ta wuce nan. Ingila ta sauko daga 21 zuwa 18 a 1969, Amurka a 1971, Faransa a 1974. Birazil ta ba 'yan shekara 16 dama tun 1988, Austiriya ta bi sahu a 2007, kuma a 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana aniyar yin haka. Masu goyon baya na cewa wanda ya isa ya yi aiki ya biya haraji ya isa ya zaɓa. Idan da wannan ma'auni za a bi, yaron da ke dako a kasuwar Dembe tun yana ɗan shekara 12 ya daɗe da cancanta. Sai dai mu muna ganin ko da a ce gobe Chadi ta sauko zuwa 16, babu abin da zai sauya ga wanda ba shi da takardar haihuwa, ko wanda rajista ta rufe kafin ya iso.

A watan Oktoban 2025 majalisun dokokin ƙasar biyu, inda MPS ke da gagarumin rinjaye, suka sake yi wa tsarin mulkin 2023 gyara tun bai cika shekara biyu ba. An tsawaita wa'adin shugaban ƙasa daga shekara biyar zuwa bakwai, an kuma cire iyakar yawan wa'adin. Ba a taɓa sashen da ya yi maganar shekara 18 ba. Amma a ƙarƙashin wa'adin shekara bakwai, duk yaron da zaɓe ya wuce shi da wata guda kamar na misalinmu, sai ya cika shekara 24 yana neman 25 kafin a sake kawo akwatin shugaban ƙasa unguwarsu.